Canki-canka, Jerin Al'ajabi, ko Bin Mahaɗa: Ta Wace Ƙofa Ya Fi Kyau Ka Shiga Wikipedia?

A ƙarshen shekarar 1932 gwamnatin Ostireliya ta tura sojoji ɗauke da bindigogi masu sarrafa kansu domin su yaƙi tsuntsaye. Tsuntsun shi ne emu, ɗan'uwan jimina, wanda ba ya tashi sama amma ba a cim masa da gudu. Kimanin guda 20,000 ne suka afka wa gonakin alkama a yammacin ƙasar, suna cinye amfani suna karya shinge, zomaye kuma na bin ɓarakar suna shigowa. Manoman, waɗanda da yawansu tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, suka kai kuka ga hukuma, aka turo musu Manjo Meredith da mutanensa. Da an buɗe wuta sai tsuntsayen su tarwatse ƙungiya-ƙungiya, kowace ta kama gabanta. A rahoton da Meredith ya bayar ya ce an kashe 986 da harsashi 9,860, watau harsashi goma ga kowane tsuntsu ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare sojoji sun janye, emu kuwa suna nan.

Wannan labari yana da maƙalarsa a Wikipedia, kuma irinsa ne ke sa mutum ya shiga neman abu guda ya fito bayan awa biyu. Tun da aka buɗe kundin a ranar 15 ga Janairun 2001 ya bunƙasa zuwa harsuna sama da 300, na Turanci kaɗai yana ɗauke da maƙaloli fiye da miliyan 6. Ba wanda zai karance su. Saboda haka duk mai son yawon buɗe ido a ciki, don nishaɗi da kuma ƙaruwa, dole ya zaɓi ƙofar shiga. Ƙofofin da aka fi bi uku ne: maɓallin da ke jefo maka maƙala a canki-canka, jerin maƙaloli masu ban mamaki da editoci suka tattara, da kuma bin mahaɗa daga wannan shafi zuwa wancan. Ra'ayina shi ne mafi yawan mutane sun fi cin riba idan suka shiga ta jerin suka ci gaba ta mahaɗa, maɓallin canki-canka kuma su bar shi can baya. Amma kowace ƙofa da wanda ta dace da shi, kuma dalilan sun cancanci a baje su.

Maɓallin canki-canka shi ya fi sauƙi, shi ya sa da shi mutane ke farawa. Yana nan a jerin zaɓuɓɓukan gefen shafi, a waya da kwamfuta duka. Ka danna, ya kawo maka maƙala. Ka sake dannawa, ya kawo wata. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne maɓallin ba ya bambanta mai daɗi da marar daɗi. Abin da ya fi yawa a rumbun shi zai fi yawan fito maka, kuma abin da ya fi yawa ba yaƙin emu ba ne. Wani ɗan ƙwallo ne da ya buga kaka biyu ya ajiye, ko wani ƙauye a Foland da aka faɗi gundumarsa da nisansa daga babban gari aka yi shiru, ko nau'in malam-buɗe-littafi da aka ba sunan Latin da shekarar gano shi, ko tashar jirgin ƙasa da aka daɗe da rufewa. Layi biyu, layi uku, shi ke nan. Kamar jefa ƙugiya a kogi ne: wani lokaci kifi, sau da yawa ciyawa.

Akwai dalilin hakan a tarihin kundin. A 2002 wata manhaja mai sarrafa kanta da ake kira Rambot ta zuba maƙaloli kusan 30,000 a kan garuruwan Amurka, duk daga alƙaluman ƙidayar jama'a, duk da tsari iri ɗaya. Daga baya wani masanin kimiyya ɗan Suwidin, Sverker Johansson, ya ƙera Lsjbot, wadda ta rubuta miliyoyin guntayen maƙaloli a kan halittu da wurare. Ita ce ta ɗaga Wikipedia ta harshen Cebuano, wani harshe na ƙasar Filifin, har ta zama ta biyu a yawan maƙaloli a duniya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: wanda ya danna canki-canka a can zai sha ganin sunayen tsaunuka da ƙwari, ba labari.

Duk da haka ba zan ce maɓallin banza ba ne, don yana da wata falala da sauran biyun ba su da ita. Babu wanda ya zaɓa maka. A kafofin sada zumunta manhaja ce ke nazarin abin da ka saba kallo ta ƙaro maka irinsa, har duniyarka ta ƙuntata ba ka sani ba. Wannan maɓalli bai san ka ba, bai damu da abin da kake so ba, don haka shi kaɗai zai iya kai ka inda ba za ka taɓa tunanin zuwa ba. Kuma yana koyar da wani darasi na daban, wato yadda kundin kansa yake: ina aka yi rubutu da yawa, ina aka yi sakaci, wace nahiya ce ƙauyukanta ke da maƙaloli yayin da manyan garuruwan wata ke da layi huɗu. Mai sha'awar zama edita zai amfana da wannan ƙwarai, don a nan zai ga giɓin da zai cike. Sannan akwai hanyar rage ciyawar: Wikipedia na da wani shafi na musamman da ke yin canki-canka a cikin rukuni ɗaya kawai. Idan ka ba shi rukunin maƙalolin da aka tantance ingancinsu, kowace dannawa za ta kawo maka cikakken rubutu, ko da batun bai taɓa zuwa maka a rai ba.

Ƙofa ta biyu ita ce shafin da ake kira "Unusual articles" a Wikipedia ta Turanci, wanda wasu harsunan ma suna da irinsa. Editoci 'yan sa-kai ne suka daɗe suna tara duk maƙalar da ta ba su mamaki, suka kasa su gida-gida: wurare, tarihi, kimiyya, harshe, wasanni, dabbobi, shari'a, mutuwa da sauransu. Kowace da ɗan layi guda na bayani a gefenta. Idan batun samun abin karantawa nan take ne, babu kamarsa. Kusan duk abin da ka taɓa sai ya riƙe ka.

Ɗauki gwajin ɗigon kwalta. A 1927 Farfesa Thomas Parnell na Jami'ar Queensland ya so ya nuna wa ɗalibansa cewa kwalta, wadda za ka iya farfasa ta da guduma, a haƙiƙa ruwa ce mai tsananin kauri. Ya narkar da ita ya zuba a mazurari, ya bar ta ta zauna shekara uku, a 1930 ya yanke bakin mazurarin. Ɗigo na farko ya faɗo a 1938. Zuwa 2014 ɗigo tara kacal aka samu. Farfesa John Mainstone ya kula da gwajin tun 1961 har rasuwarsa a 2013, bai taɓa ganin faɗuwar ko ɗaya da idonsa ba. A shekarar 2000 an ma kafa kyamara, ta samu matsala daidai lokacin da ɗigo na takwas ya faɗi. Mai karanta wannan zai yi murmushi, kuma zai tashi da fahimtar abin da masana ke nufi da kaurin ruwa, wanda a kwalta ya ninka na ruwan sha sama da sau biliyan 100. Nishaɗi da ilimi sun haɗu a wuri ɗaya, abin da ake nema ke nan.

Amma ina da ƙorafi uku a kan jerin, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko, mamaki ya danganta da mai kallo. Yawancin waɗanda suka tara jerin masu magana da Turanci ne, don haka Turai da Amurka sun cika shi, kuma wani lokaci abin da yake al'ada ce ta yau da kullum a wajen wata al'umma sai ka gan shi a jere da abubuwan ban dariya. Mai karatu ya riƙa tuna cewa ɗanɗanon wasu ne yake bi.

Na biyu ya fi damuna. Layin barkwancin da ake sa wa a gefe yakan lulluɓe masifa. Ambaliyar Boston ta ranar 15 ga Janairun 1919 ana ba da labarinta da dariya, wai gari ya nutse a ruwan zaƙi. Abin da ya faru shi ne wata ƙatuwar tanki ta fashe ɗauke da galan miliyan 2.3 na baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Igiyar ta bi tituna da gudun kusan kilomita 56 a awa, ta rushe gine-gine, ta kashe mutum 21, ta jikkata kimanin 150. Tankin tun farko yana yoyo, maimakon a gyara sai aka shafa masa fenti mai ruwan ƙasa don kada a gani. Shari'ar da ta biyo baya ta ɗora laifi a kan kamfanin da ke da tankin, kuma tana cikin abubuwan da suka sa aka tsaurara dokar cewa sai injiniya ya sa hannu a lissafin gini kafin a ba da izini. Haka ma annobar dariya ta Tanganyika (a Tanzaniya ta yanzu) a 1962. Ta fara ne da 'yan mata uku a wata makarantar kwana a ƙauyen Kashasha, ta kama ɗalibai 95 cikin 159, har aka rufe makarantar, ta bazu zuwa wasu. Sunan yana sa a zaci abin raha ne, alhali yaran sun sha kuka da ciwo da suma da firgici, kuma masana na kallon lamarin a matsayin ciwon da matsin rai ke haddasa wa jama'a a tare. Wanda ya tsaya a layin gefe ya yi dariya ya wuce, ya zalunci mutanen da abin ya shafa, ya kuma rasa darasin.

Na uku, jerin na iya mayar da kai ma'ajiyar labaran ban mamaki waɗanda ba su haɗu da juna ba. Ka san yaƙi mafi gajarta a tarihi shi ne na Ingila da Zanzibar a ranar 27 ga Agustan 1896, wanda bai wuce minti 45 ba. To, sai me? Idan ba ka san dalilin da ya sa Ingila ke da ta cewa a kan wanda zai gaji sarautar tsibirin ba, ko me ya sa Khalid bin Barghash, wanda ya hau sarautar ba da yardar Ingila ba, ya gudu ofishin jakadancin Jamus ba wani wuri ba, abin da ke hannunka abin ba da labari ne a hira, ba sani ba.

Wannan ne ya kawo mu ƙofa ta uku, wadda a ganina ita ce ta fi kowace albarka, ita ce kuma ta fi wuyar riƙewa. Kowace maƙala cike take da shuɗayen kalmomi, kowace kalma hanya ce zuwa wani shafi. Bambancin wannan da sauran biyun shi ne kai ne matuƙi, tambayar da ta taso maka ita ke jan ka.

Bari in nuna yadda take aiki. A ce ka ci karo da Bir Tawil, wani yanki na hamada mai faɗin murabba'in kilomita 2,060 tsakanin Masar da Sudan, wanda babu ƙasar da ke cewa nata ne. Jerin al'ajabi zai ba ka wannan ya tsaya. Amma tambaya ta riga ta taso: a duniyar da ake zubar da jini a kan taƙi guda, don me ƙasashe biyu za su riƙa tura wa juna fili? Sai ka danna mahaɗin Hala'ib, wani yankin da ƙasashen biyu ke jayayya a kansa. A nan za ka ga cewa a 1899 Ingila da Masar sun shata iyaka miƙaƙƙiya a kan layin digiri na 22. A 1902 kuma Turawan suka sake ja wani layin na gudanarwa, bisa la'akari da inda ƙabilu ke kiwo: Bir Tawil da ke kudu da layin farko aka ba Masar saboda makiyayan Ababda, Hala'ib da ke arewa aka haɗa da Khartoum. Hala'ib ta ninka Bir Tawil kusan sau goma, tana kuma bakin Bahar Maliya. Masar ta riƙe layin 1899, wanda ya ba ta Hala'ib ya bar wa Sudan Bir Tawil. Sudan ta riƙe na 1902, wanda ya ba ta Hala'ib ya bar wa Masar Bir Tawil. Duk wadda ta karɓi ƙaramin filin ta amince ke nan da layin da zai raba ta da babban. Abin da ya fara a matsayin abin dariya ya zama lissafi mai ma'ana. Daga nan tambaya ta gaba ta zo da kanta: me ya kai Ingila shata iyaka a wurin a 1899? Danna ɗaya zai kai ka yaƙin Omdurman na 1898, wani ya kai ka ga Mahadi Muhammad Ahmad, wani ga takaddamar Fashoda tsakanin Ingila da Faransa a 1898 ɗin nan dai. Cikin zama ɗaya ka fahimci wani yanki na yadda aka yayyanka Afirka, kuma ba za ka manta ba, don kowane mataki amsa ce ga tambayar da kai ka yi.

Matsalarta ita ce ba ta da ƙarshe, kuma tana da wani jan hankali zuwa sama. An lura cewa idan ka riƙa danna mahaɗi na farko a kowace maƙalar Turanci, ban da na cikin baka, kusan kullum a shafin falsafa za ka tsaya. Wata ƙididdiga ta 2016 ta nuna haka ke faruwa da kusan kashi 97 cikin 100 na maƙalolin. Dalili kuwa jimlar farko takan sa abu a cikin babban rukuninsa: gari yana cikin ƙasa, ƙasa cikin siyasa, siyasa cikin ilimin zaman jama'a, har a kai ga tushe. Abin sha'awa ne a gwada sau ɗaya. Amma ga mai neman ƙaruwa gargaɗi ne: in ka bar hannu ya yi ta dannawa ba tambaya, za ka ƙare a manyan shafuka na gama-gari waɗanda ba su da ɗanɗano. Dabarar ita ce ka danna abin da ya fi ƙanƙanta ko wanda ke gefe, sunan mutum, sunan yarjejeniya, shekara, ba babban jigo ba. Akwai kuma wasan tsere da abokai ke yi, a zaɓi shafuka biyu marasa alaƙa a ga wanda zai riga isa daga wannan zuwa wancan ta mahaɗa kaɗai. Wasa ne mai daɗi, sai dai mai tsere ba ya karatu, ido kawai yake wurgawa.

Saura batun gaskiya, wanda a nan ma ƙofofin ba ɗaya suke ba. Ƙarya a Wikipedia ta fi daɗewa a lungun da ba a leƙawa, kuma lungu ne maɓallin canki-canka ya fi kai mutum. Maƙalolin jerin al'ajabi idanu sun yi musu yawa, don haka sun fi tsira. A maƙalar annobar rawa ta birnin Strasbourg a 1518, misali, za ka tarar an bayyana cewa bayanan hukumar birnin na wancan lokaci ba su ambaci mace-mace ba, duk da yadda masu ba da labari ke zuzuta adadin waɗanda suka mutu. Amma ko alamar inganci ba garanti ba ce. Daga 2007 zuwa 2012 akwai doguwar maƙala a kan wani rikicin Bicholim, wai yaƙi ne tsakanin Turawan Fotugal na Goa da daular Maratha, a ƙasar Indiya, a 1640 zuwa 1641. Har ta samu shaidar maƙala mai kyau. Yaƙin bai taɓa faruwa ba. Asirin ya tonu ne lokacin da wani edita ya bi littattafan da aka kafa hujja da su ya tarar babu su. Bin mahaɗa na taimakawa, don babban yaƙi na gaske sai ka ga sawunsa a shafukan maƙwabta. Sai dai a 2022 an gano wata da ake kira Zhemao ta shafe kusan shekara goma tana ƙirƙirar maƙaloli sama da 200 a Wikipedia ta Sinanci a kan tarihin Rasha, suna tabbatar da junansu. Abin da ya fallasa ta shi ne kwatanta rubutun da na wasu harsuna da kuma madogaran asali. Don haka ko ta wace ƙofa ka shigo, idan labari ya yi daɗi fiye da kima, gangara ƙasa ka duba manazarta, ka leƙa shafin tattaunawa, ka ga ko akwai maƙalar a wani harshe.

To wa zai ɗauki wace? Mai minti goma kacal, jerin ya fi masa, da sharaɗin ya karanta maƙala ɗaya har ƙarshe maimakon ya zazzaga layukan gefe ashirin. Malami ko uba da ke son jawo hankalin yara shi ma jerin zai nufa, amma ya riga su shiga ya zaɓo, don akwai sassan mutuwa da na al'aura da ba su dace da ƙananan yara ba. Mai koyon wani harshe zai ji daɗin canki-canka fiye da kowa, tunda guntayen maƙaloli jimlolinsu gajeru ne masu maimaita tsari. Mai son fara gyara da rubutu, musamman a harsunan da maƙalolinsu ba su da yawa irin Hausa, shi ma nan ne wurinsa. Duk wanda ya rage, wato mai lokaci da ke son ya tashi da abin da zai zauna masa a ka, ya ɗauki maƙala ɗaya daga jerin ya mai da ita mafari, ya riƙe tambaya guda, ya bi ta.

In ana neman wurin gwaji, Tafkin Nyos na Kamaru ya isa. A daren 21 ga Agustan 1986 tafkin ya amayar da iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500. Tambayar farko ita ce ko ya taɓa faruwa a wani wuri, amsar za ta kai ka Tafkin Monoun, inda mutum 37 suka rasu a 1984. Ta biyu, ko an yi maganin abin, za ta nuna maka bututun da aka fara kafawa a Nyos a 2001 don fitar da iskar a hankali. Ta uku, ko akwai wani tafkin mai irin wannan haɗari, za ta sauke ka a Tafkin Kivu tsakanin Ruwanda da Kwango, wanda ya fi su girma nesa ba kusa ba, kusan mutum miliyan 2 ke zaune a kewayensa, kuma Ruwanda na zuƙo iskar gas daga ƙasansa tana samar da wutar lantarki.